Masu Yawo a Cikin Ƙato

A garin Oegstgeest, kusa da Leiden a ƙasar Holan, wani ƙaton mutum-mutumi na zaune jikin gini, tsayinsa mita 35. Sunan gidan Corpus, Sarauniya Beatrix ce ta buɗe shi a 2008. Ta gwiwa ake shiga, a maƙala wa kowa abin sauraro a kunne, a ratsa hanji da zuciya da huhu, sai a ƙwaƙwalwa a tsaya, duk cikin kusan awa guda. Don a ga cikin jiki aka gina shi, amma halin masu kallo ya fi fitowa fili.

Ga Malam Na-Riga-Na-Sani. Tun a matakala ya zare abin kunnensa, don ba a haifi mai koya masa ba. Duk abin da ya gani ja, hanta ce, kuma kowa sai ya ji.

Bayansa mai kwasar cuta. Garau ta shigo. Ana isa zuciya, inda kujeru ke girgiza kana bin jijiya a matsayin ƙwayar jini, ta dafe ƙirji: "Wallahi irin bugun nan nake ji da daddare!" Kafin a kai wuya ta tara hawan jini da gyambon ciki da wata cutar da ba a raɗa wa suna ba tukuna.

Wanda nake tausayi shi ne uban da ya manta akwai mahaifa a hanya. An raba tabarau, fim ya fara, maniyyi na tsere zuwa ƙwai, sai ƙaramin ɗansa ya ɗaga murya: "Baba, waɗannan talibambam ɗin ina za su?" Nan take Baba ya tuna igiyar takalminsa ta kwance. Takalmin kuwa ba shi da igiya.

A baki akwai harshen roba mai laushi, in an yi tsalle a kai sai gyatsa ta taso daga maƙogwaro. Yara aka yi wa, amma dubi dattijon can mai furfura: ya hau wai zai sauko da jikarsa, jikar ta sauka tuni, shi yana kan tsalle na bakwai.

Shi ko acici, an nuna masa yadda ciki ke dagargaza burodi da cuku har ya koma abin da ba a faɗa a gaban abinci. Kowa ya yamutsa fuska. Shi kuwa ya taɓa ma'aikaci a kafaɗa: "Don Allah, ina ake sayar da irin burodin nan?"