Tuwona Maina, Amma Sai a Littafi

Akwai wani salon labari da ƴan matanmu suka mato a kansa, suna kwana da shi a waya har caji ya ƙare. Yaro da yarinya sun tashi tare tun wasan ƙasa, ba so ba ƙauna, sai wata larura ta sa aka ɗaura musu aure, kowa da ɗakinsa, ana gaisawa a tsaitsaye. Sai labari ya kusa ƙarewa ango zai lura ashe amarya tana da dara-daran idanu. Nan mai karatu za ta rungume filo tana cewa, "Wayyo, Allah Ka ba ni irin wannan."

Turawa sun daɗe suna cin wannan kasuwa. A 1944 Georgette Heyer ta fitar da Friday's Child, labarin wani ɗan sarauta a Ingila da dukiyar gadonsa ke hannun wakilai, aure ne kawai zai fito masa da ita da wuri. Wadda yake so ta ƙi shi, ya rantse zai auri macen da ya fara cin karo da ita, sai ga marainiyar da suka yi ƙuruciya tare. Namu marubutan na Kano, a zamanin In Da So Da Ƙauna na Ado Gidan Dabino a 1991, auren dole suka fi yaƙa. Na waya kuwa sun juya akalar, yanzu Yaya mai ɗaure fuska da aka liƙa wa ƙanwarsa shi ne gwarzo.

To, ga addu'a ta karɓu a Wara. Inna ta kira ƴarta ta ce, "Ke Ladidi, Baffanki ya yi magana. Ya ce a haɗa ki da yayanki Ɗanjuma, a yi tuwona maina."

"Wane Ɗanjuman, Inna? Wanda ya faɗa ruwa daga kwale-kwale yana ihun kada, ashe kututture ne? Wallahi gara in shiga duniya!"

Shi ma gogan ba murna yake ba. Matsalar auren abokiyar ƙuruciya ita ce ba ka da tarihin da za ka gyara. A wajen baƙuwar budurwa daga Yelwa kana iya cewa tun kana ɗan shekara goma kake ja da giwan ruwa kai kaɗai. Ladidi kuwa tana nan ranar da tarwaɗa ta soke ka, ka yi kuka har unguwa ta taru. Ta san shekarar da ka daina fitsarin kwance, don a tabarma ɗaya kakarku ke shimfiɗe ku. Ka ɗaure fuska ka ce a kawo maka ruwa, ta tuntsire da dariya ta kira ka da sunan da ka kashe kuɗi da goro kafin abokai su manta da shi.

Dattawa su ma kada su ɗauka sun tsira daga alƙalamina. A bakinsu zumunci ne, kuma Allah Ya ba da ladan zumunci. Amma ka kasa kunne bayan sallar isha'i ka ji lissafin. Gidan Baffa akwai jirgi mai inji, gidan su Ladidi akwai fadamar albasa da ta haɗa iyaka da gonar shinkafarsa. Ba sai an tura bincike ba, lefe a yi shi daidai ƙarfi, kai amarya kuma ba hayar mota, zana ɗaya za a ɗaga. Baturen littafi dai ya fito fili ya ce gado yake nema. Namu sai an yi tari, an gyara rawani, an ce ai yaran sun shaƙu. Ranar da aka yi saɓani kuwa, maimakon mutum biyu su ɓata, gida biyu ne za su daina gaisawa a wajen suna, jirgin ma a koma gardamar wa ya sayi injin.

Abin da ke ba ni haushi shi ne marubutanmu sun bar kayan aiki a ƙasa, suna ta kai jarumansu Dubai. A 1968 ruwan madatsar Kainji ya cinye tsibirai da garuruwa, aka tashi mutane fiye da dubu 40, cikinsu har da Gungawan ƙasar Yawuri, aka zuba su a sababbin gidajen siminti. Ga labari nan zaune: a aurar da yaro da yarinya ana gobe tashi don kada dangi su rabu, ya ɗauko ta a kwale-kwale tare da tukwane da awaki, suna faɗa har gaɓa. Wanda ya rubuta shi, ni zan fara saya.

Ke kuma Ladidi, zaɓi ɗaya. Ko ki daina roƙon Allah Ya ba ki irin na littafi, ko ki fara koyon gaida Ɗanjuma ba tare da dariya ba. Iyaye kuma a tambayi yaran tun kafin a sayi goro.