Sannunku da Ƙoƙari, Iyayen Garanti

Ɗan Adam butulu ne. A sayar masa da na'urar wasan gem sabuwa fil a kwali, ya yi shekara guda cur yana buga ƙwallo yana tseren mota, ranar da ta mutu a wata na 13 sai ka ji yana kumfar baki wai kamfani ya cuce shi. Ina cutar take? Wata 12 aka rubuta masa a takardar garanti, na'ura ta cika alkawari har ta yi masa gyaran wata guda a kai. Tun da babu mai fitowa ya kare Microsoft da Sony da Nintendo, bayin Allah da ba su da kowa sai lauyoyi da biliyoyin daloli, ni na ɗauki wannan nauyi.

Microsoft ce ta cancanci gaisuwar farko. A Nuwamban 2005 ta fito da Xbox 360, babbar a kan dala 399, da garantin kwana 90 a Amurka. Kwana 90! Wannan ita ce gaskiya a ciniki: mai kaya ya san kayansa, bai ɗauki alkawarin da ya fi ƙarfinsa ba. Sauri kamfanin yake yi ya riga Sony shiga kasuwa, ya kuwa riga ta da shekara guda. Ɗan jarida Dean Takahashi ya ruwaito a 2008 cewa a Agustan 2005, saura wata uku a fara sayarwa, kashi 68 cikin 100 na na'urorin da ake haɗawa a masana'anta ba sa tsallake gwaji. Da kamfani ne matsoraci, da ya dakata. Microsoft ta yi ta maza, aka yi lodi.

Ba a jima ba aka fara ganin sakamako. Fitilu huɗu ne kewaye da maɓallin kunna na'urar. Uku su rikiɗe su koma ja, hoto ya ɗauke, shi ke nan. 'Yan wasa suka raɗa wa abin suna jan zoben ajali, kwalin da kamfani ke aiko maka ka saka ta kuma suka ce akwatin gawa. Amma a duba ladabi. Rediyo da fanka sai dai ka tashi ka tarar sun yi shiru, wannan kuwa ba ta tafiya sai ta yi sallama da fitila.

Daga baya injiniyoyin kamfanin sun faɗi dalili da bakinsu. Ƙwaƙwalwar da ke sarrafa hoto tana zaune ne a kan ƙananan ɗigon dalma. A kunna na'ura ta ɗau zafi, a kashe ta huce, yau da gobe sai mahaɗin ya tsage. Kun ga laifin wa ke nan? Na mai na'ura mana. Shi ya kunna, shi ya kashe. Da ya bar ta a kwali ya ɗora a kan durowa, da har yau lafiyarta ƙalau.

Saboda haka daidai ne da kamfani ya yi ta nanata cewa masu lalacewar ba su wuce abin da aka saba gani a kayan lantarki ba, daidai ne kuma da aka riƙa karɓar kusan dala 140 a hannun wanda garantinsa ya ƙare. Da aka matsa wa Peter Moore, shugaban sashen Xbox a lokacin, da tambaya a 2007, sai ya tunatar da duniya cewa ai kaya sukan lalace. Wa zai musa? Waɗanda ba su da kuɗin gyara kuma suka koyi sana'a: a naɗe na'ura da tawul, a kunna ta ta gasu, ta farfaɗo na 'yan kwanaki. Wace makaranta ce ta yaye injiniyoyi masu yawan haka ba tare da kuɗin rajista ba?

Sai ranar 5 ga Yulin 2007 karamci ya ɓarke. Microsoft ta mayar da garantin jan zobe shekara 3, ta ce za ta mayar wa waɗanda suka riga suka biya kuɗinsu, ta ware fiye da dala biliyan 1 don wannan aiki. 'Yan baƙin ciki za su ce sai da aka kwashe sama da shekara ɗaya da rabi ana musu, sai da jaridu suka yi caa, sai da PlayStation 3 ta Sony da Wii ta Nintendo suka shigo kasuwa aka ga uwar bari. Za su jawo lissafin kamfanin SquareTrade na 2009, wanda ya nuna kashi 23.7 na Xbox 360 sun samu matsala cikin shekara biyu, alhali na Wii kashi 2.7 ne. Kada ku saurare su. Wanda tasa ta mutu da jar fitila ɗaya da lambar E74 ya jira har Afrilun 2009 kafin a sa shi cikin rahamar, to sai me? Ko a mutuwa akwai babba da yaro. A 2021 ma kamfanin ya buga fostar jan zoben yana sayarwa kusan dala 25, don wanda ya yi kewar asararsa ya samu abin ratayawa a ɗaki.

Kuskure ɗaya na gani a nan, shi ne mummunan misalin da aka kafa. Microsoft ta biya kuɗin aibin da ta ƙera da hannunta, ba ta durƙushe ba, ta ci gaba ta sayar da Xbox 360 sama da miliyan 80. Yanzu kowane mai rasit sai ya ɗauka haƙƙinsa ne.

Sony ta fi sanin darajar kanta. Da tsofaffin PlayStation 3 suka fara kunna fitila ruwan ɗorawa suna mutuwa, shirin Watchdog na BBC ya kai masu gyara da motarsu har ƙofar ofishinta a Landan a Satumban 2009. Sony ta amsa cewa abin bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na na'urori miliyan 2.5 da ta sayar a Birtaniya ba. Ku buga lissafi, ba su ma kai mutum 12,500 ba, ko filin ƙwallo ba za su cika ba. Kowannensu ya kawo sama da fam 100 a ba shi gyararriya, a rabu lafiya.

Akwai kuma 'yar sitikar nan da aka riƙa liƙawa a bayan na'ura, mai cewa in ka ɓanɓare ta garanti ya tashi. Dokar Amurka ta Magnuson-Moss tun 1975 ta hana kamfani ɗaure garanti da sharaɗin sai a wurinsa za a yi gyara. Kamfanonin nan suna da aiki a gabansu, ba su samu sukunin karantawa ba, sai da hukumar FTC ta aika wa dukkan ukun takardar gargaɗi a Afrilun 2018. Shekara 43 ai ba wani jinkiri ba ne. Suna kuma ɗaura auren mashigar faifai da babban allon cikin na'ura, ta yadda ko ka samo lafiyayyiya daga wata, ba za ta karanta maka wasa ba. Duk don tsaronka ne. Da jihohin Minnesota da Kalifoniya suka yi dokar 'yancin gyara a 2023, an sa waya an sa kwamfuta, aka tsame na'urar gem. Ba a banza lauyoyi ke cin albashi ba.

Gwanar gwanaye dai ita ce Nintendo. Switch ta fito a Maris 2017 da hannuwanta biyu da ake kira Joy-Con. Bayan ɗan lokaci sai ka ajiye hannu a tabarma, ka ga ɗan wasanka yana tafiya shi kaɗai har ya faɗa rami. Linzamin da ake juyawa da babban yatsa ne ke gogar wani siririn faranti a ciki, gugar ta cinye shi, ƙura ta ƙarasa. Wasu suna kiran wannan aibi. Ni na ga taimako ne: na'urar da ke yi maka wasan da kanta, kai naka ido. Wanda bai gode ba ya biya kusan dala 40 a gyara, ko ya sayi sabbin guda biyu a kan dala 80.

Aka shigar da ƙarar haɗin gwiwa a Amurka a Yulin 2019, cikin 'yan kwanaki sai ga labari cewa an umarci ma'aikata su riƙa gyara kyauta. Dacewa ce kawai. Shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri a Yunin 2020, shekara uku da fitowar na'urar, domin babba ba ya gaggawa. A Turai ƙungiyar masu sayayya ta BEUC ta tattara koke kusan 25,000 ta miƙa wa Hukumar Tarayyar Turai a Janairun 2021, a Afrilun 2023 kuma Nintendo ta amince, don raɗin kanta, ta gyara kyauta ko garanti ya ƙare.

Shari'ar da ta fi burge ni ita ce ta wasu iyaye mata a Kalifoniya. An nuna musu cewa tun ranar da suka latsa "na yarda" a dogon rubutun da babu mai karantawa, sun sarayar da damar zuwa kotu, sai dai zaman sulhu. Suka ce to 'ya'yanmu su yi ƙarar, ai su aka saya wa, kuma yaro ba ya ƙulla yarjejeniya. Alƙali ya ce yaran ba su ne masu na'urar ba. Uwa tana da kaya ba ta da kotu, ɗa yana da kotu ba shi da kaya. Madalla da wannan saƙa.

Mu a nan an hutar da mu daga duk wannan wahala. Mai gidan gem a Kano ko Zariya, wanda ya tara kuɗi ya sayi PlayStation ta hannu yana karɓar na kowane wasa, ba ya cikin lissafin kowa. Garantin ya ƙare tun kafin na'urar ta hau jirgi. In hannu ya fara tafiya shi kaɗai, sai ya nufi kasuwar Farm Centre, mai gyara ya dube shi ya ce, "Yallaɓai, yaran nan ne ke murza shi da mugunta." In na'urar ce ta mutu, ga wutar NEPA, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, masu laifi sun yi yawa har ba a kai ga Sony a Tokyo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce ba a san magani ba. Linzami mai aiki da maganaɗisu, wanda babu abin da ke guga a cikinsa, yana jikin hannun Dreamcast na Sega tun 1998. Amma hannun da ba ya lalacewa sau ɗaya ake sayensa, su kuma masu hannun jari suna da iyali. Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yunin 2025, Nintendo ta tabbatar linzaminta ba mai maganaɗisu ba ne, sabbin hannuwa biyu kuma sun haura dala 90 a Amurka.