Kowane Ɗan Jarida da Mai Ba Shi Goro

A Azare ba a cika kiran ɗan jarida da sunan jaridarsa ba, da halinsa ake kiransa. In kuma ka bi laƙuban nan, duk wuri guda suke nunawa, wato aljihun da ke ciyar da shi. Ga ɗan ambulan, wanda ba ya makara a taro, sai dai a rubutu. Ranar buɗe rijiyar burtsatse yana sahun gaba, kati a wuya, rakoda a hannu, batirinta ya mutu tun bara, idonsa na kan jakar mai rabon "kuɗin mota". Kaurin ambulan ne ke yanke ko taron "ya yi armashi" ko "an tashi baram-baram". Ƙaninsa sojan baka ya fi shi gaskiya, don shi bai ɓoye ubangidansa ba, kuma ranar da ya sauya gida, da muryar yabon jiya zai yi zagin yau.

Sai Malam Majiya Mai Tushe, mazaunin Bauchi, kusan kilomita 200 daga nan. Da ambaliya ta yanke hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum a 2024, irinsa sun ba da labarin dalla-dalla ko takalminsu bai jiƙe ba. Majiyar kuwa direba ne a tasha. Auta shi ne Da Ɗumi-Ɗumi na Facebook, mai kashe mutum da safe, ya nemi afuwarsa da yamma.

Za a ce wannan cin fuska ne, tunda wakilai da yawa albashinsu ba ya zuwa, wasu ma katin wuyan ne kaɗai albashin. Haka ne, kuma hujjar ke nan: wanda gidan jaridarsa ya sallama wa titi, titi ne editansa. Wasu za su ce da can ba haka ba ne. To, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939 ma gwamnatin Turawa ce ta kafa ta, sai dai editanta Abubakar Imam ya san ladabin faɗa wa mai gida abin da ba ya so. Irinsa suna nan har yau, masu zuwa asibiti da ƙauye da kuɗin mansu. Su ne ba a raɗa wa laƙabi ba.

Mai karatu, kafin ka yi wa masu laƙuban nan dariya, yaushe rabonka da sayen jarida?