Ranar da Kyamara Ta Biyu Ta Hau Bori

A danginmu, duk wanda ya taɓa ɗaura dish har ya kama tasha, sunansa Injiniya har abada. Da wannan muƙamin Kawu ya aiko a kira ni sitonsa na shinkafa da man girki, ya nuna min kayan tsaro na hannu da aka kawo masa daga Legas: kyamarori takwas, uku a ciki masu juyawa, talabijin biyu, akwatin ƙarfe mai ramuka jere a bayansa, sai wani allo mai maɓallai da 'yar sanda a gefe. Littafin bayani kuwa, ko bangonsa babu.

"Ɗan nan, haɗa min su kafin la'asar. Ina so ina zaune a ofis in ga ko ɓera ne ya shiga sito."

Akwatin nan shi masu sana'ar ke kira matiriks. Hotunan kyamarori duka cikinsa suke shiga, shi kuma ya tura wanda aka zaɓa zuwa talabijin ɗin da aka zaɓa. Amma ba ya motsi sai da umarnin allon: ka danna lambar talabijin, ka danna lambar kyamara, sannan ka kama sandar ka juya kyamarar hagu ko dama, in ka murɗa kanta ta zuƙo hoto kusa. Wayar hoto ba ta ba ni wahala ba, kan BNC ne, ka tura ka murɗa ya ce ƙas. Hotuna suka fito, talabijin ɗaya a ofis, ɗaya a ɗakin Baba maigadi. Kawu ya ce masha Allah, ya sa aka kawo min lemo mai sanyi.

Lemon bai huce ba allon ya fara nuna hali. Kan wayarsa irin na wayar intanet ne sak, don haka yaron shagon Kawu, mai difloma a kwamfuta, ya fizge ya cusa shi a na'urar intanet ɗin ofis yana min kallon tausayi. Shiru. Kai ɗaya ne, amma abin da ke gudu a ciki RS-485 ne, wanda ba ruwansa da intanet, kuma allon yana son wutarsa daban, bolt 12. Shi RS-485 ɗin 'yan wayoyi biyu ne, A da B, suna iya kai saƙo har mita 1,200, amma ka juya su ko a taku ɗaya ne sai su yi gum. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba abin da zai ce maka ga inda matsalar take.

Aka wuce nan, sai batun yare. Dole akwatin da kyamarori su yi magana iri ɗaya, ko Pelco-D ko Pelco-P, kuma da sauri ɗaya, 2400 ko 4800 ko 9600. Akwatin na tarar da shi a kan Pelco-P, sai na bi shi. Saitin kyamara kuma yana cikin cikinta: ka hau tsani, ka cire murfin gilashin, ka tarar da wasu 'yan makunnai da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Da tsinken sakace nake tura su. Na farko ɗaya ne, na biyu biyu, na uku huɗu, na huɗu takwas, don haka kyamara ta uku sai ka ɗaga na farko da na biyu. Ina wannan lissafin a sama, leburan da ke riƙe min tsani yana ƙasa yana amsa waya da hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma yana yi wa wanda ba ya ganinsa kwatance.

Na sauko, Kawu ya gyara babbar riga ya karɓi sanda. Ya kira kyamara ta uku, mai kallon ƙofar lodi. Ya tura dama, hoto ko gezau. Ya tura hagu, ya murɗa, ya shiga juya sandar kamar mai tuƙa tuwon biki.

Sai ga salati daga waje. Baba maigadi ya faɗo ofis da gora a hannu, takalmi ƙafa ɗaya.

"Alhaji, a kira malam! Ta kan ƙofa tana juyi ita kaɗai. Ta nuna min sama, ta nuna min katangar maƙwabta, yanzu kuma hancina ne cike da talabijin!"

Muka fita. Leburori sun ja da baya suna ta a'uziyya, mai shayin bakin titi ya rufe tukunyarsa, wani har ya kawo shawarar a turara habbatus sauda. Kyamara ta biyu kuwa, wadda Baba ke nufi, ta tsaya cak, tun da Kawu ya saki sanda.

Aljanin dai lissafi ne. Pelco-P daga sifili yake fara ƙirga, saboda haka in ka danna uku, lamba biyu akwatin yake aikawa a waya. Waɗannan kyamarorin ba sa mayar da ɗayan da aka cire, sai ta biyu ta ji an kira sunanta ta amsa. Na yi wa Kawu wannan bayanin tiryan-tiryan. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To na ji. Amma dai a yi addu'ar."

Na mayar da komai Pelco-D a kan 2400, na sake bin tsani kyamara bayan kyamara. Zan gwada ke nan aka ɗauke wuta, janareta kuma ba mai. Sai bayan isha'i kyamara ta uku ta yarda ta waiwaya.

Ladan aiki, Kawu ya shi min albarka ya ce in tafi da kwalayen. Baba maigadi kuma ya ɗauke tabarmarsa ya mayar bayan tankin ruwa, inda babu kyamarar da ke kaiwa. Ni na nuna masa wurin.