Na Dangote Ne Ko Na Waje? Mutanen Layin Fetur a Ƙasar Wonaka

Fetur ba ya isowa ƙauyukan Wonaka sai ya gaji liƙis. Tanka za ta ɗauko shi daga Legas, ta bi ta Ibadan da Ilori, ta haye gadar Jebba, ta yi ta fama da ramuka har Funtuwa, ta ratsa Tsafe, sannan ta sauke a Gusau, tafiyar kusan kilomita dubu. Daga nan kuma ya koma jarka, a ɗaure shi a bayan babur, a juye shi a galan, a ƙarasa da shi cikin kwalba. Duk inda ya yada zango sai wani ya ɗora 'yar ribarsa. Shi ya sa a wannan yanki kowa ya zama malamin fetur, har wanda bai mallaki ko keke ba. Kuma tun ranar 15 ga Satumba, 2024, da tankokin NNPC suka fara lodi a matatar Dangote da ke Lekki, malaman suka rabu ɗariƙa-ɗariƙa.

Babbar ɗariƙa ita ce ta mai kishin ƙasa. Shi wannan ba ya buɗe tankin babur ɗinsa sai ya yi wa yaron gidan mai tambaya: “Kai yaro, wanga mai na Dangote na, ko na waje?” Yaron, wanda bai san komai ba sai danna famfo da ƙirga canji, zai dube shi ya ce, “Na Dangote na, Baba.” Da an tambaye shi ko na Makka ne, haka zai amsa. Mai kishin ƙasa zai sa a ɗiga masa kaɗan a tafin hannu, ya shinshina, ya ɗaga wajen rana, ya gyaɗa kai. A cewarsa na gida ya fi auki, ya fi haske, kuma inji ya fi yin sanyin murya da shi. Bai san cewa rijiyar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta sha lodin tanka uku daga daffo uku ba, sabo a kan tsoho, duk sun cakuɗe.

Kada dai a yi masa dariya da yawa. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur daga Beljiyam mai sinadarin metanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, ƙasa ta shiga layi na makonni. Wanda ya ga wannan yana da dalilin shinshina. Inda lissafinsa ke ɓacewa shi ne wajen kuɗi. Ya rantse cewa tunda a gida aka tace, dole ya yi araha, kuma in bai yi ba to akwai munafuki a tsakani. Amma je ka gidansa bayan kaka, ka ce ya sayar maka da buhun waken suya a rahusa tunda a gonar bayan gari ya noma shi. Zai ce maka, “Bari in ji nawa aka saya a Tsafe.” In ka matsa, ya kira wani a Dawanau. Waken gida ne, farashin kuwa na kasuwa. To haka mai matata yake yi, sai dai tasa kasuwar ta duniya ce.

Wanda ke gaya masa wannan kullum, har sun daina gaisawa sosai, shi ne masanin dala. Mazauninsa teburin mai shayi, hannunsa riƙe da waya mai fasasshen gilashi. Bai taɓa riƙe dala ɗaya ba, amma ya fi 'yan canji sanin motsinta. In ka ce masa, “Ina kwana?” sai ya ce, “Lahiya lau, amma ta tashi.” Abin haushi game da mutumin nan shi ne yawancin maganarsa gaskiya ce. Ganga ɗaya ta ɗanyen mai lita 159 ce, kuma da dala ake yi mata kuɗi ko a Neja-Delta aka haƙo ta. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Ko da farashin ganga bai motsa ba, wannan kaɗai ya isa ya ninka kuɗin lita. In mai kishin ƙasa ya ce ai tun Oktoban 2024 aka fara sayar wa Dangote ɗanyen mai da naira, sai masanin dala ya kurɓi shayi ya ce, “Da naira aka biya, amma da dala aka auna.” Sannan ya ƙara da wadda ta fi ciwo: matatar mai tace ganga 650,000 a rana ba ta samun isasshen ɗanyen mai a gida, har daga Amurka take sayowa. Wato mai yiwuwa abin da Baba ya shinshina ya sa wa albarka, asalinsa daga Tekzas yake.

Aibin masanin dala ɗaya ne: bai san inda ake tsayawa ba. Matarsa ta ce cefane bai isa ba, ya ce yaƙin Rasha da Yukren. Mai shayi ya tuna masa bashin kofi huɗu, ya ce a jira ƙungiyar OPEC ta zauna.

Can gefe a kan benci akwai tsoho mai tarihi. Shi ba ya sayen mai, jikansa ke kai shi ko'ina, amma shi ke riƙe da kundin farashi a ka. Zai fara daga naira 11 ta zamanin Abacha. Ya zo kan 'Yar'aduwa, ya ɗaga hula kaɗan, ya ce shi ne ya hau mulki a 2007 ya mayar da lita naira 65. Ya bi ta Janairun 2012, lokacin da Jonathan ya kai ta 141, aka rufe ƙasa da yajin aiki har ta dawo 97. Ya ambaci 145 ta Buhari a 2016 da ƙaramar murya, don shi ma ya yi layin zaɓe. In ya iso ranar 29 ga Mayu, 2023, da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, sai ya tafa hannu sau ɗaya: litar da ba ta kai 200 ba ta wuce 500 cikin kwana biyu-uku, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haye dubu.

Matasa na gundura da shi, amma a bakinsa ne kaɗai za ka ji abin da ya fi shafar Zamfara. Akwai daffon NNPC a Gusau, kuma an shimfiɗa bututu daga matatar Kaduna ta Zariya har zuwa cikinsa. Matatar, wadda aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a rana, ta yi shekaru ba ta ba kowa ko cokali ba. Da tana aiki, da man Gusau bai san hanyar Jebba ba. A da kuma akwai asusun daidaita farashi da aka kafa tun 1975, wanda ke biyan kuɗin dakon mai zuwa nesa don litar Legas da ta Gusau su zo ɗaya, ko da a takarda ne. Dokar man fetur ta 2021 da cire tallafi sun rufe wannan babi. Yanzu kuɗin gas ɗin tanka, da tayar da ta fashe, da kwanan direba a hanya, da abin da aka miƙa a shingaye, duk suna cikin litar da kake saya. “Da,” in ji tsohon, “gwamnati ka biyan nisa. Yanzu kai ka biya.” Sai ya nemi a ba shi goro.

Ƙanensa a tunani shi ne mai jiran gobe. A Nuwamban 2022 da Buhari ya je Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe, ya ƙaddamar da haƙar mai, wannan bawan Allah ya yi wa mutane albishir cewa Arewa ta gama sayen fetur. Duk shekara kuma yana da labarin cewa an kusa gama gyaran matatar Kaduna. Ba ya cutar kowa, a bar shi.

Akwai kuma mai jam'iyya, wanda a 2012 ya yi zanga-zanga har muryarsa ta dushe, a 2023 kuma ya zauna yana bayyana wa mutane amfanin cire tallafi. Yana da abokin hamayya da ya yi daidai akasin haka. Su biyun kan tura babur ɗaya in mai ya ƙare musu a hanya.

Manajan gidan mai kuwa mutum ne mai kunne biyu da ba sa aiki tare. In rediyo ya ce an ƙara kuɗi a Legas da hantsi, kafin azahar ya rufe ƙofa, ya ce mita ta samu matsala, kafin la'asar mita ta warke da sabon farashi. Tankar da za ta kawo mai tsadar ko lodi ba ta yi ba. Amma a 2025, da Dangote ya yi ta rage farashi a bakin matata, je ka ce masa, “Alhaji, an ce an rage.” Zai dafa kafaɗarka ya ce, “Wallahi tsohon kaya ne, da tsada na saye shi, bari ya ƙare.” Tsohon kayan nan ba ya ƙarewa. In ka zauna da shi zai nuna maka lissafi, kuma ba duka ƙarya ba ne: tanka ɗaya mai lita 45,000 yanzu jarin miliyoyi masu yawa ce, bankin da ya ba shi rance ba ya jira, kuma in ya sayar a tsohon farashi ba zai iya sake lodi ba. Na yarda. Abin da ban taɓa ji ya bayyana ba shi ne dalilin da ya sa wannan hikima ke aiki ta fuska ɗaya kawai.

Daga hannunsa sai ɗan bumburutu, kuma a nan ne mutumin karkara ya fi sanin fetur. Teburi ne ɗan ƙarami a bakin hanya, galan biyu-uku, jerin kwalabe, mazurari da tsumma. Galan ɗinsa ya sha matsa a gefe har cikinsa ya shige, amma sunansa galan. Kwalbarsa kuwa kullum akwai ɗan sarari a wuya, in ka yi magana ya ce iska ce ta sha. Bai san Lekki ba, bai damu da dala ba. Farashinsa na bin abu uku: nawa ya sayo a Gusau, yaya hanya take yau, da kuma yadda fuskarka ta nuna matsuwa. In ka zo kana tura babur da gumi, ka riga ka gama ciniki.

Ana zaginsa, amma ranar da babu shi ake sanin amfaninsa. A Satumban 2021, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta hana sayar da mai a jarka, aka kuma katse layukan waya don a toshe wa 'yan bindiga hanya, mutanen ƙauye sun ga yadda rayuwa take in teburin nan ya ɓace. Mai injin ban-ruwa, mai janareton cajin waya, mai kai mara lafiya asibiti, duk sai da suka ji a jikinsu. Matsalar tsaro wani haraji ne a kan kowace kwalba a ƙasar Gusau da Tsafe da Bungudu, wanda ba ya cikin lissafin kowace matata. Wanda ya ɗauko jarka ya bi hanyar da ake tsoro, dole ya sa kuɗin tsoronsa.

Babban abokin cinikinsa ɗan kabu-kabu ne, gwanin tattali. Shi bai san cika tanki ba. “Sa min na ɗari biyar,” sai ya leƙa ciki da ido ɗaya, ya girgiza babur ya saurara. In ya hau gangara sai ya kashe inji, ku sauka shiru, kai da shi da Allah. In mai ya ƙare, ya kwantar da babur a gefe ɗaya, ya hura tanki da baki, ya samu abin da zai kai ku wata bishiyar. Ya san kuɗin lita na yau fiye da kowa, domin shi ne zai tsaya ya yi wa fasinja bayani sau hamsin kafin magariba, kuma kowane fasinja gani yake shi ya ƙara.

Sai mai fakewa. Wannan kuka yake sayarwa, itacen kukar kuma a bayan gidansa yake, da ƙafa ya kawo ta kasuwa. Ka tambayi dalilin ƙari, ya ce, “Mai ya tashi.” Ka ce jakinka fetur yake sha? Ya ce a'a, amma shi mai jakin yana sayen magani da sabulu da omo, su kuwa a mota suka zo. Ka tsaya ka yi tunani, ka ga ya kayar da kai, ka biya.

Wadda ba a jin ta bakinta a duk wannan muhawara ita ce uwar gida. Ba ta zuwa gidan mai, ba ta zama teburin shayi, ba ta da ra'ayi a kan Lekki. Ita dai ta aiki yarinya niƙa da kuɗin jiya, yarinya ta dawo da kwano ta ce mai inji ya ce a ciko. Ta ƙara. Mako ya zagayo, a sake cewa a ciko. Wata rana ta ɗauko turmi ta ce a daka, abin da ta yi zaton ta bari tun tana amarya. A hannunta ne dala da ganga da ramukan hanyar Funtuwa da galan mai matsattsen ciki suke haɗuwa su zama kuɗin niƙan tiya ɗaya, kuma ita ba ta da wanda za ta ce wa ya ciko.

Don haka ku masu injin niƙa na Wonaka da Mada da Kwatarkwashi, ga saƙo. An san ba ku kuka kashe matatar Kaduna ba, ba ku kuka saki naira ba. Amma kun ƙara kuɗi ranar da lita ta haye dubu, ta sauko ƙasa da dubu a 2025 ba ku ce komai ba. Ku rage wa matan nan.