Masu Hangen Dala Daga Karaye da Rogo

Da zarar an gama kaka, dawa ta shiga rumbu, masu rake a ƙasar Rogo sun fara sara ana dafa mazarƙwaila, sai wani ciwo ya kama majalisun samari da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai a Karaye da Rogo, wato ciwon son fita buɗe ido. Aljihu ya ɗan yi nauyi, makarantu sun yi hutun Disamba, ba ruwan sama da zai ɓata hanya, rana kuma ba ta da zafin bazara. Sai wani ya gyara zama ya ce, "Jama'a, me zai hana ranar Asabar mu je mu hau dutse mu dawo a ranar?" Kowa ya ce wallahi shawara ta yi. Abin da nake so in kafa hujja a kansa shi ne, dutse bai taɓa hana kowa hawa ba. Masu hanawa suna cikin motar, kuma a cikinsu wanda aka fi jin haushi shi ne wanda tafiyar ta rataya a wuyansa.

Sai an fara da lissafin yini, domin duk rigimar daga nan take. A Disamba da Janairu rana ba ta leƙowa sai wajen bakwai saura kwata, shida da 'yan mintoci kuma ta faɗi. Safiya ta jaura ce, ba mai son barin bargo. Yamma kuwa ta hazo ce, kuma mutumin da garinsa ke kusa da iyakar Katsina da Kaduna ba ya bukatar a yi masa wa'azi kan tafiyar dare a wannan zamani. In ka cire sa'o'in hanya zuwa da dawowa, ka cire salla da cin abinci, abin da ya rage wa dutsen bai taka kara ya karya ba. Wannan ɗan ragowar shi kowane abokin tafiya ke gutsura, kowa da irin haƙoransa.

Na farko shi ne Mai Shawara, wanda ya kawo maganar. Shi zai buɗe zaure a WhatsApp, ya raɗa masa suna mai nauyi, ya naɗa kansa shugaba, ya raba muƙamai har da mataimakin sakataren walwala. Daren Juma'a sai ga saƙonsa: ƙanwar matar yayansa ta haihu, suna ya faɗo ranar Asabar, a yafe masa, amma zuciyarsa na tare da jama'a. Ba ya cin lokacin kowa tunda ba ya zuwa, sai dai kuɗin kujerarsa da zai dawo kan sauran.

Kafin ya janye ɗin, ya bar baya da ƙura, domin ba a tsayar da dutsen da za a hau ba. Mutumin Karaye zuciyarsa na Kano, Dala yake so, in an samu sarari a haɗa da Goron Dutse tunda suna kallon juna. Mutumin Rogo kuwa zai tuna masa cewa su Zariya ta fi birnin Kano kusa da su, ga Kufena can bayan Wusasa, dutse na gaske wanda sai ka yi gumi, ba tudun da aka yi wa matakala ba. Nan Sarkin Hanya zai miƙe. Shi ne wanda ya taɓa yin yaron mota na wata biyu, don haka ba lungun da bai sani ba. Ana cewa a bi ta Gwarzo da Rimin Gado a shiga ta Kabuga, sai ya ce, "Haba Malam, wannan ai zagaye ne, akwai wata yanke." Yankensa kullum tana ratsa wani rafi da ya ce ya ƙafe tun Oktoba, kuma kullum akan tarar bai ƙafe ba. Abin mamaki game da shi, ko motar ta kafe ana turi, bai yarda ya ɓata ba. Hanyar ce aka canza.

An sa shida da rabi a tasha. Wanda ya fara isowa shi ne Maƙiyin Sanyi, da rigar sanyi biyu, da rawani, da hular kunne, da safar hannu, ya shafe ƙafa da man kaɗe saboda faso, har ba a gane ko wane ne sai ya yi sallama. Wannan bawan Allah ba ya tuna cewa sanyin hunturu na safe ne. Sha ɗaya na yi, ana tsakiyar hawa, zai fara tuɓewa ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai riƙe masa, ƙarshenta ƙaramin cikin tawaga shi zai zama ɗan dakon kayan sanyin yaya. Amma gara shi sau dubu da Ga-ni-nan. Bakwai ta yi an buga masa waya, ya ce ga shi nan. Bakwai da rabi ya ce ya fito, alhali ana jiyo ƙarar ruwan wanka a wayar. Takwas saura ya iso yana murmushi, ya ce, "Ashe ma ba ku tafi ba," sannan ya nemi a ba shi minti biyu ya sha shayi. Su kuwa sauran, da suka ga zama ya yi tsawo, sun watse wajen mai ƙosai da koko, sai a shiga tattaro su, wanda aka samo ya tafi neman wanda ba a samo ba.

Duk waɗannan ƙananan ɓarayin lokaci ne. Babban shi ne Mai Saƙo, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin ba ya zuwa da siffar mai laifi. Shiru zai yi har a hango Kabuga, sannan ya ce a hankali, "Don Allah direba, tunda Allah ya kawo mu birni, akwai ɗan saƙon Hajiya a Kantin Kwari, turmi ɗaya ne kawai." Wa zai ce a ƙi saƙon uwa? Yana faɗa kuwa sai bakin kowa ya buɗe. Wannan zai duba gilashin waya a Farm Centre, wancan gwaggonsa na kwance a Asibitin Murtala kuma abin kunya ne a ji ya shigo gari bai leƙa ba, na bayansa an aiko shi turare a Kurmi. Ba ɗaya daga cikin uzurorin nan da za ka kira ƙarya, kuma nan ne haɗarin yake. Mutumin ƙauye ba ya shiga birni don abu ɗaya, tarbiyyarsa ce ta hana, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya sa kowace shiga Kano sai an ɗora mata buƙatu biyar. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Da Mai Saƙo a mota sai abin ya juye: an shiga birni, an yini a cikinsa, Dala kuwa sai hange daga cikin cunkoson adaidaita sahu.

A ce dai Allah ya taimaka an isa gindin dutsen. Malam Tarihi zai karɓi ragama. Gaskiyar abin da aka sani game da Dala ta isa ta cika yini: an zauna a wurin ana narkar da tama tun wajen ƙarni na 7, littafin Tarihin Kano ya kawo labarin Barbushe da bautar Tsumburbura, ya sa zuwan Bagauda a shekarar 999, ya ce a zamanin jikansa Gijimasu aka fara ganuwa. Amma Malam Tarihi bai ga dalilin tsayawa nan ba. A bakinsa Barbushe ya yi yaƙi da Turawan da suka ci Kano a 1903, Bayajidda ma a Dala ya kwana kafin ya wuce Daura. In Kufena aka je, kowane tsohon gini da tulin duwatsu Sarauniya Amina ce ta ɗora da hannunta. In ka gyara masa sai ya ce kakansa ne ya faɗa masa, kai kuma ba ka isa ka ƙaryata mamaci ba. Yana cikin bayani Mai Hoto zai katse shi, ya jera mutane, ya sake jera su, ya ce hasken bai yi ba. Shi bai zo ganin dutse ba, ya zo ne dutse ya fito a bayansa, kuma cajinsa zai ƙare daidai lokacin da ake bukatar a kira direba. Can gefe ga Mai Tsoron Iska, wanda tun a mota yake tambaya ko an tabbatar mazauna wurin sun tashi, ya hau rabi ya ce kansa na sarawa, a sauko. Akwai kuma Mai Ƙasaru da abokin gardamarsa. A mazhabar Malikiyya tafiyar da ake rage salla a cikinta mil 48 ce, su kuwa za su tsaya lissafin ko daga tashar Karaye za a fara ƙirga ko daga ƙarshen gidajen gari, har lokacin Azahar ɗin da ake gardama a kanta ya nemi fita.

Saura mutum ɗaya, Ma'aji. Ba wanda ke sonsa, amma in yana cikin tawaga labarin sai ya canza. Shi ne ya ce ba a rubuta sunan kowa sai da kuɗi a hannu, "zan turo" ba ta cika tankin mota. Shi ya je tasha tun Laraba ya yi ciniki da direba a kan shata, ya tambayi lafiyar taya da ta safaya, ya sa aka yi magana a gaban shaidu cewa kuɗin ya haɗa da jira. Shi ya sayi ruwan leda da burodi, ya hana a dogara da "in mun je ma samu". Shi ya ce ƙarfe bakwai mota za ta tashi ko da mutum uku, ya kuma tashe ta, ya bar Ga-ni-nan da tawul a wuya. Shi ya dubi Mai Saƙo ya ce, "Yaya, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, amma Kwari sai ranar Litinin." A tawaga matsayinsa irin na maɗaci ne, ana yamutsa fuska ana sha. Da yamma kowa ya iso gida lafiya kafin duhu, za a yabi Mai Hoto, a yi dariyar Malam Tarihi, shi kuwa a tambaye shi canjin naira ɗari biyu.

Za a ce, to ai wannan ya kashe daɗin tafiyar, nishaɗi aka fito ba aikin soja ba, kuma zumunci ya fi dutse. Maganar tana da ƙarfi, don gaskiya ne ba wanda zai tuna tsayin Dala bayan shekara goma, amma kowa zai tuna ranar da Sarkin Hanya ya kai mota cikin rafi. Sai dai a lura, wautar abokai tana zama abin dariya ne in an dawo lafiya. In dare ya yi wa mota tsakanin ƙauyuka, iyaye suna ta buga waya ba ta shiga, ba wanda ke ganin ban dariya a yanken Sarkin Hanya. Zumuncin ma da ake kare wa, wa aka zalunta in an jira mutum ɗaya awa biyu? Mutum goma sha uku da suka yi sammako cikin jaura su ma 'yan'uwa ne. Kunyar da ke hana mu ce wa mai latti ya yi latti, a kan masu cika alkawari take faɗawa kullum.

Wani kuma zai ce tun asali kuskure ne a hau dutse a hunturu, tunda ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a Chadi, takan rufe gari har jirage su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano, to me za ka gani daga sama? Wannan ma akwai gaskiya a ciki. Ranar da hazo ya yi kauri, daga kan Dala ko Goron Dutse sai ka ƙura ido. Amma ba kullum yake kauri ba, yakan zo kwanaki ya lafa, kuma me za a zaɓa a maimakonsa? A watan Afrilu dutse na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, da damina santsi ne ga kuma aikin gona. Abin da wannan hujja ke nunawa shi ne a bar wa ranar tafiya ƙofar ɗagawa, mai asma ya zo da maganinsa da takunkumi, kuma a nan ma sai an samu mutum ɗaya da zai dubi sama da asuba ya yanke hukunci ba tare da an kira taro ba.

Akwai dattijon da zai ce duk wahalar banza ce, ga madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye, an gama ta tun 1992, bangonta ya kai mita 42, ga ruwa iya ganinka ga kifi. Bai yi ƙarya ba, kuma mita 534 da ake faɗa wa Dala daga bakin teku ake aunawa, tashinsa a kan birnin 'yan gomomin mita ne kawai. Sai dai ko Challawar aka ce za a, Ga-ni-nan zai makara, Sarkin Hanya zai san yanke, Mai Saƙo kuma zai tuna yana bin wani masunci bashi.

Saboda haka, 'yan majalisa, in maganar ta taso bana, ku ajiye gardamar Dala da Kufena tukuna. Ku fara zaɓen Ma'aji, ku nemo wanda ba ya jin kunyar cewa a'a ko ga yayansa, ku ba shi kujerar gaba kusa da direba, ku kuma yarda tun a gida cewa ana sallame La'asar mota za ta juyo.