Hawan Jinin Storybrooke

Hawan jinin Storybrooke cuta ce da ke kama masu kallon Once Upon a Time, shirin da tashar ABC ta Amurka ta nuna daga 2011 zuwa 2018. Shirin ya kwaso jaruman tatsuniyoyin Turawa ya jibge su a Storybrooke, wani ƙagaggen gari a jihar Maine. A tatsuniya, da an ɗaura aure sai ƙurunƙus. A garin nan kuwa, a lokacin ne rigima ke ɗaura ɗamara.

Musabbabin cutar sananne ne. Snow White da Yarima Charming sun yi aure, tsinuwa ta mantar da su juna shekara 28. A zango na 6 kuma aka jefe su da sihirin barci: in miji ya farka, mata ta ɓingire. Gaisuwa sai ta wasiƙa. Belle ta kori Rumplestiltskin daga gari, suka shirya, suka ɓata, suka sake shiryawa. Regina ta sha jira kafin ta samu Robin Hood. Hades ya kashe shi a zango na 5.

A lokacin da ake nuna shirin ranar Lahadi, alamomin cutar uku ne: yi wa talabijin faɗa, rantsuwar daina kallo a daren Lahadi, da kama kujera tun da wuri Lahadi mai zuwa.

A cikin shirin, sumbar masoyan gaskiya na karya tsinuwa. Ɗan kallo ba ya cikin masu cin wannan moriya. Sauƙi ya samu ne da shirin ya ƙare bayan zango 7. Wasu majinyatan sun murmure har sun koma kallo daga farko.